Itacen Filawo da Noman Lambu a Gaɓar Tekun Senegal

Manomin da ke zaune a bakin teku yana fama da matsaloli uku: iska mai ƙarfi, gishirin da take ɗaukowa, da yashin da ke binne gonaki. Haɗa noma da dashen itatuwa na daga cikin dabarun shawo kan waɗannan matsaloli, kuma yankin Niayes na ƙasar Senegal misali ne da ya cancanci nazari.

Wannan yanki ya miƙe a gaɓar Tekun Atlantika daga Dakar zuwa Saint-Louis, tsawon kimanin kilomita 180. A bayan tuddan yashi akwai kwaruruka masu kama da fadama, inda ruwa yake kusa da doron ƙasa. A nan ake noma kaso mai yawa na albasa, kabeji, karas da tumatir da ake ci a ƙasar. Sai dai iskar teku takan turo yashi ya cike kwarurukan. Domin haka, tun daga 1948 aka fara dasa itacen da ake kira filawo a jere a bakin tekun, aka kuma faɗaɗa aikin a shekarun 1970 da 1980.

Asalin filawo daga Ostareliya da kudu maso gabashin Asiya yake, kuma an zaɓe shi ne saboda yana jure gishiri da ƙasa maras ƙarfi. A saiwarsa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke samar masa da sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa yake girma a cikin yashi zalla. Rassansa suna rage ƙarfin iska, abin da yake zubarwa yana rufe yashin ya hana shi tafiya, manoma kuma suna kwasar wannan ruɓaɓɓen ganye su yi taki.

Duk da haka, shingen yana cikin haɗari. Filawo ba ya cika tsirowa da kansa a wannan wuri, don haka idan itatuwan suka tsufa dole a sake dashe. Haka nan bunƙasar birnin Dakar ta sa ana sare su domin gine-gine, musamman a Guédiawaye. Duk inda shingen ya tsinke, yashi yakan sami hanyar komawa lambuna. Saboda haka, ɗorewar noma a Niayes ta dogara ne ga sabunta itatuwan a kai a kai, tare da bai wa manoman yankin hannu a kula da su.