Jirgin Katako Na Bakin Teku A Coney Island

A gefen birnin New York na ƙasar Amurka akwai wani wurin shaƙatawa a bakin teku mai suna Coney Island. A ƙarshen ƙarni na 19 wurin ya yi ƙaurin suna wajen giya da caca da karuwanci, har aka riƙa yi masa kirari da “Saduma ta bakin teku”. To, a nan ne wani mutum mai suna LaMarcus Thompson ya buɗe jirginsa na wasa ran 16 ga Yuni, 1884.

Shi Thompson, an haife shi a jihar Ohio a 1848, kuma kafin ya gina jirgin sana'arsa saƙar safa ce. Ana ba da labari cewa ya taɓa koyarwa a makarantar Lahadi, kuma abin da ya dame shi shi ne yadda samari ke tururuwa zuwa gidajen giya. Maimakon ya tsaya ga tsawatarwa kawai, sai ya nema musu wani abin nishaɗi mai tsabta. Mu dai a ganinmu, wannan dabara ta cancanci dattawan ikilisiyoyinmu su dube ta, domin yaron da aka hana wasa ba tare da an ba shi madadi ba, wani wuri zai nufa.

Jirgin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Dogo ne na katako mai tsawon ƙafa 600, yana hawa yana gangara. Ba inji. Mutane su hau bene, su zauna a kan benci, nauyinsu ya gangara da su da gudun mil 6 a awa, wato mai keke ma zai wuce su. In sun kai ƙarshe, ma'aikata su tura keken sama da hannu, a sauya masa layi ya komo. Kuɗin hawa senti 5 ne. An ce ya ɗauko dabarar daga wani dogon jigilar kwal na Mauch Chunk a jihar Pennsylvania.

Sai dai gidajen giyar ba su rufe ba, abin da ya ƙaru shi ne masu kwaikwayo. A 1885 Phillip Hinkle ya gina nasa mai inji da ke jan keken zuwa ƙoli. Thompson ya rasu a 1919, kuma a 1927 aka buɗe Cyclone a wurin, mai tsayin ƙafa 85, wanda gudunsa ya ninka na jirgin farko sau goma.