Tsutsa da zafi a jikin 'yan halittun gaɓar teku

A gaɓar Tekun Wadden da ke ƙasar Denmak, inda ruwa kan janye sau biyu a rana ya bar filin laka, akwai wata 'yar halitta dangin jatan lande da masana ke kira Corophium. Tsawonta bai fi santimita guda ba. Takan haƙa rami mai baki biyu a cikin laka ta zauna, kuma a murabba'in mita ɗaya ana iya samun dubbai. Da ita tsuntsayen bakin ruwa da ƙananan kifaye suke cika ciki.

Babbar abokiyar gabarta wata tsutsa ce 'yar cima-zaune, dangin wadda ke haddasa tsargiya a jikin mutum, kuma ita ma ta katantanwa take biyowa. Ƙwanta yana fita a kashin tsuntsu, katantanwa ta haɗiye shi, tsutsar ta hayayyafa a cikinta, sannan 'ya'yan su fito ruwa su huda jikin Corophium su dunƙule a ciki. Nan suke zaman jiran ranar da tsuntsu zai cinye mai masaukin nasu.

Zafi yana shigowa ta fuska biyu. Idan ruwa ya yi ɗumi, katantanwa takan saki 'ya'yan tsutsa da yawa fiye da yadda ta saba, sai a yi wa halitta ɗaya taron dangi. A daidai wannan lokaci kuma iskar shaƙa da ke cikin ruwa takan ragu, alhali jikin da ya ɗumama ya fi bukatarta. Lafiyayyiya tana iya daurewa har ruwan teku ya dawo ya sanyaya laka. Wadda aka huhhuda, ga kuma tsutsotsi na cin ƙarfinta, takan sare tun kafin nan.

An ga haka a zahiri a shekarar 1990. Yanayi ya yi ɗumi fiye da kima, tsutsar ta yi ambaliya, cikin 'yan makonni Corophium ta ɓace ƙurmus daga wani makeken fili na gaɓar. Da yake ramukanta ne ke riƙe laka, bayan mutuwarta ruwa ya yi ta zaizayar wurin har fasalinsa ya canza. A mashigin Otago na ƙasar Niyu Zilan ma, gwaji ya nuna cewa ɗumi yana ƙara yaɗuwar irin wannan tsutsa zuwa jikin wata 'yar'uwar Corophium.

A nan ne lissafin ɗumamar yanayi kan yi tuntuɓe. Wanda ya auna juriyar zafi a jikin halitta mai ƙoshin lafiya cikin kwalbar ɗakin gwaji zai ɗauka da sauran lokaci, alhali a gaɓar teku da yawansu na ɗauke da tsutsa, kuma zafin da zai kashe su bai kai wanda aka auna ba.