Calais 2, Strasbourg 1: Ranar da 'yan ƙwallon sa-kai suka kunyata manya

A Tanout, kimanin kilomita 140 arewa da Damagaram a kan hanyar Agadas, dogon hutun makaranta na zuwa ne daidai da damina. Matashi ya yini a gonar gero, da la'asar ya nufi fili. Babu albashi, kuma a gasar unguwanni ta TGV ƙwallo ɗaya na iya kawo ƙarshen shirin shekara guda.

Irin waɗannan 'yan wasa ne suka girgiza Faransa a shekarar 2000. Ƙungiyar Calais tana rukuni na huɗu a lokacin. 'Yan wasanta ma'aikata ne, sai an tashi daga aiki suke atisaye ƙarƙashin koci Ladislas Lozano.

A watan Maris, a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe na Kofin Faransa, suka kara da Strasbourg ta rukunin farko a filin Bollaert na garin Lens. Strasbourg ce ta fara ci. Kafin hutun rabin lokaci Calais ta farke, ta ƙara ta biyu, sannan ta kafe a gida har aka tashi 2-1.

Bordeaux ma ta sha kashi 3-1. Sai a wasan ƙarshe, ranar 7 ga Mayu, Nantes ta tsira da 2-1 da bugun fenareti a minti na 90. Kyaftin ɗinta Mickaël Landreau ya kira takwaransa Réginald Becque suka ɗaga kofin tare.

A 2017 matsalar kuɗi ta rusa ƙungiyar ta Calais.