Dokar Masu Taɓin Hankali: Ina Rabonmu Mutanen Zango?

Duk wanda ya tashi a Aboabo, ko Asawase, ko Sabon Zango, ya san irin gidan nan mai ɗaki ɗaya da ba a buɗe wa baƙo. A ciki akwai ɗa ko ƙane wanda aka ce iska ta taɓa shi, ko an yi masa jifa. Mukan kai shi wajen malam, a yi rubutu, a yi turare. In ya fara duka, sai a sa masa mari. Asibiti shi ne na ƙarshe, bayan kuɗi sun ƙare.

Da yawa cikinmu ba mu san akwai ma'aikata a Ankara waɗanda aikinsu ke nan su tsara yadda za a kula da irin wannan yaro ba. A 2012 Majalisa ta zartar da doka mai lamba 846, wadda ta maye gurbin dokar soja ta 1972. Ita ce ta kafa Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Dokta Akwasi Osei ya fara shugabanta. Shi da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna bin ministoci da 'yan majalisa kafin dokar ta fito.

Abin da ya dame su a fili yake. Manyan asibitocin masu taɓin hankali uku ne kacal a Gana: na Ankara da aka buɗe a 1906, na Ankaful a 1965, sai na Pantang a 1975. Dukkansu suna kudu. Mu a Kumasi sashen da ke asibitin Komfo Anokye da na Tafo muke dogara da su. 'Yan'uwanmu na Bawku da Wa kuwa, sai dai a ce Allah ya kyauta. Don haka dokar ta ce a kawo magani kusa da gida, a ƙananan asibitoci, kada a riƙa kwashe mutum a jefar da shi nesa da danginsa.

Dokar ba ta kori malamai da masu maganin gargajiya ba, kuma a nan muna ganin an yi hikima, domin su jama'a ke fara zuwa wa. Abin da ta hana shi ne azabtarwa. A 2017 hukumar ta shelanta cewa ɗaure majiyyaci da sarƙa haramun ne, ko a zauren malam ko a sansanin addu'a na coci. A 2023 kuma Majalisa ta soke hukuncin da ake yi wa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A da kotu ake kai shi, yanzu likita.

Sai dai rubuta doka daban, kuɗin aiki daban. Ƙa'idojin aiwatar da ita ma sai a 2019 suka fito, shekara bakwai bayan zartar da ita. Sau nawa mahaifiya ta je karɓar magani aka ce babu, ta sayo a kemis? Wata ɗaya ta kasa, ciwo ya dawo, maƙwabta su ce ai dama aikin aljanu ne.

Ga kuma tiramol da ya shiga samarinmu, musamman wajen 2018. Muna roƙon limamanmu da sarakunan Zango su gayyaci nas-nas na wannan sashe zuwa masallatan Juma'a, su yi wa jama'a bayani da Hausa.