Baƙuwar Kaza Ma Sai Ta Shiga Karantina



A zaman ƙungiya na baya, masu kiwo a cikinmu sun kawo shawarar a ware rana guda da za a haɗu a yi musayar kaji da tattabaru: mai zakaru biyu ya ba da ɗaya ya karɓi budurwar kaza, mai tattabarun da suka cika ɗaki ya rage. Shawarar ta yi mana daɗi, musamman da yake rushe-rushen unguwannin Jidda na 2021 da 2022 sun warwatsa dangi da maƙwabta, kuma duk abin da zai sake tara mu abin so ne. Amma kafin a watse wata dattijuwa ta ba da labarin da ya sa kowa ya yi shiru. Ta ce bara ɗanta ya sayo mata kaza mai kyan gani a kasuwar tsuntsaye, ta sake ta cikin nata a ranar. Kwana shida kajin suka fara gyangyaɗi da zawo, kafin mako biyu akurki ya zama kango. Baƙuwar ce ta shigo da ciwon, alhali ranar da aka kawo ta babu alamar komai a jikinta.

Wannan shi ne tushen matsalar. Kaza takan ɗauki ƙwayar cuta kwanaki kafin ta nuna. Cutar Niyukasil, wadda a gida wasu ke kira fakat, takan ɓoye daga kwana 2 zuwa 15. Agwagi kuwa suna iya ɗaukar murar tsuntsaye suna yaɗa ta, su kansu garau. Tattabaru ma suna da nasu nau'in fakat ɗin, mai murɗe musu wuya, kuma yana iya tsallakawa kan kaji. Wurin da aka tara tsuntsayen gidaje ashirin, an tara cututtukan gidaje ashirin ne, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari.

Ba a nesa abin yake ba. A watan Nuwamba 2007 murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ɓulla a gonakin kaji na yankin Riyad, aka hallaka miliyoyin tsuntsaye. A Disamba 2017 nau'in H5N8 ya bayyana a kasuwar tsuntsaye ta Aziziyya, ita ma a Riyad. Waɗanda suke gida a Fabrairu 2006 za su tuna yadda nau'in H5N1 ya fara a wata gona a Jaji, Jihar Kaduna, karo na farko da aka tabbatar da shi cikin kajin Afirka, ya bazu zuwa Kano da sauran jihohi. Ga shi kuma gaɓar Bahar Maliya hanya ce ta tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Turai da Asiya da Afirka, sau biyu a shekara suna ratsawa ta kanmu.

Mu mutanen Jidda ba sai an fassara mana killacewa ba. Unguwar Karantina, inda da yawanmu suka tashi, ta samo sunanta ne daga wurin tsare matafiya don duba lafiyarsu. Kakanninmu da suka tako ta Cadi da Sudan an tsayar da su a Sawakin kafin su hau jirgin ruwa. Ba wulaƙanci ba ne, kare gari ne. Abin da aka yi wa mahajjaci ba zai yi wa kaza nauyi ba.

Shirin ranar

Mataki na farko shi ne izini. Kwamiti zai sanar da umdan unguwa, ya nemi bayanin baladiyya da na reshen Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma game da tara tsuntsaye. Abin da suka ce shi za mu bi. Idan hukuma ta sanar da ɓullar cuta a yankin Makka, an ɗage taro, babu jayayya.

Wuri zai zama istiraha mai fili da inuwa, mai daɓen siminti da za a iya wankewa, wadda ba a kiwo a cikinta. Za a fara bayan sallar asuba a tashi kafin rana ta take, domin zafi da gumin Jidda kaɗai sun isa su kashe kaza a cikin keji.

Duk mai kawo tsuntsu zai yi rajista mako biyu kafin ranar, ya faɗi iri da adadi da rigakafin da ya yi. Wanda bai yi wa kajinsa rigakafin Niyukasil ba, ya ga likitan dabbobi tun yanzu, don maganin yakan ɗauki kusan mako biyu kafin ya kama jiki. Gidan da kaza ta mutu ko ta yi ciwo cikin wata guda, mai gidan ya zo mu gaisa mu sha shayi, amma ya bar tsuntsayensa a gida. Wannan amana ce tsakaninsa da maƙwabtansa.

A bakin ƙofa za a sa likitan dabbobi ya duba kowane keji. Kazar da ke da majina, kumburin fuska, zanko mai duhu, koren zawo, ƙuraje a fuska ko ƙwarƙwata ƙarƙashin fiffike, ba za ta shiga ba, ko ta wane ce. Muna roƙon dattawa su mara wa matasan ƙofa baya, kada kunya ta sa a ɗaga wa babba ƙafa. Kowane gida da kejinsa da mazubin ruwansa, da tazara tsakani. Agwagi gefe guda, tattabaru gefe guda, kaji gefe guda. Za a rubuta wanda ya ba wa, don idan wani abu ya taso a san inda za a bi.

Kwana talatin a gida

Aikin gaske yana farawa ne bayan an dawo. A tanadi wurin baƙuwa tun kafin a tafi, nesa da akurki gwargwadon iko, taku goma ko fiye, inda ba sa shaƙar iska ɗaya. Wanda rufin gidansa bai da wannan fili, gara ya haƙura da ƙari bana. Ta zauna can kwana 30 cur, da kwanon abincinta da na ruwanta da tsintsiyarta. Tsuntsun da aka kai taro bai samu mai so ba aka dawo da shi, shi ma baƙo ne yanzu.

Kullum a fara da kajin gida, a ƙare da baƙuwa, sannan a wanke hannu da sabulu. A ajiye silifa guda a ƙofar wurinta, domin tafin takalmi na ɗaukar kashin kaji daga nan zuwa can. Keji da kwanuka a kankare su da sabulu tukuna, sannan a jiƙa da ruwan bilic, a shanya a rana. A duba cinta da kashinta da numfashinta safe da yamma. Idan ta yi ciwo ta warke, lissafi ya koma farko. Kada a ɗura mata kafso na mutane: ba ya kashe ƙwayar mura ko ta fakat, kuma saurarsa kan zauna cikin ƙwai da nama.

Lafiyarmu mu kanmu

Akwai al'adar da muka gada: kaza na tangaɗi, a ce a yi maza a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Mu daina. Yanka da figar kaza mai ciwo na cikin manyan hanyoyin da murar tsuntsaye ke kama mutum, kuma mata da yara ne suka fi yin wannan aiki. Idan kaji suka fara mutuwa a jere, kada a jefa su kwandon shara inda kuliyoyi za su ja. A sa safar hannu da takunkumi, a ƙulle su a leda biyu, a sanar da ma'aikatar noma. Wanda zazzaɓi ko tari ko jan ido ya kama bayan ya taɓa su, ya kira layin Ma'aikatar Lafiya 937 ko ya je asibiti, ya faɗa wa likita cewa ya yi hulɗa da tsuntsaye.

Ko kaza mai lafiya tana iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. Yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, da tsofaffi masu ciwon suga su kalla daga nesa, kada a ba jariri ɗan tsako ya yi wasa da shi. Ƙwai da nama a dafa su sosai.

Mai son rajista ya sami sakataren kwamitin lafiya bayan sallar Juma'a. Ita kuwa dattijuwar da ta ba mu labari, ta ce za ta zo neman kaza biyu, kuma tuni ɗanta ya haɗa musu keji a ɗaya kusurwar rufin. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kiwonmu.