Wa Ke da Ɗan Wasa? Kwantiragin Ahmed Musa da Yaran Ƙasar Gobir

A kakar wasa ta 2009/2010 wani matashi ɗan shekara 17 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a babbar gasar Nijeriya, adadin da ya kafa tarihi a lokacin. Ahmed Musa ke nan. Abin da 'yan kallo ba su cika tunawa da shi ba shi ne, aron yaron aka ba Pillars daga makarantar ƙwallo ta GBS da ke Jos. Da ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta neme shi, dole ta jira ranar 14 ga Oktoban 2010 da ya cika shekara 18, domin dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin wannan shekaru. A 2012 ya koma CSKA Moscow ta Rasha, a 2016 kuma Leicester ta Ingila ta saye shi a kan fam miliyan 16 da ɗoriya.

A kowane mataki na wannan tafiya takarda ce ta yi magana, kuma dokar da ke bayanta a fili take. Wanda bai kai shekara 18 ba, ba a ɗaure shi da kwantiragin da ya wuce shekara uku. Babba kuwa iyakarsa biyar. Idan saura wata shida yarjejeniya ta ƙare, ɗan wasa na da ikon ƙulla wata da ƙungiyar da ya ga dama, shi ya sa ake ganin ƙungiya ta matsa wa tauraronta lamba ya sabunta da wuri, wakilinsa kuma yana jan ƙafa don farashi ya tashi. Tun 2018 kuma, wanda aka riƙe wa albashin wata biyu zai iya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce, in ba a biya ba ya kama gabansa. Mu da muka san yadda albashi ke makara a ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi, mun san nauyin wannan sashe.

Sai dai sashen da ya fi shafar mutanen Sabon Birni da Isa wani ne dabam. Idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne tsakanin shekara 12 zuwa 23. A ciniki irin na Leicester, wannan ya haura fam 800,000, kuma shekara ɗaya tak ta reno bayan yaro ya kai 16 tana jawo wa ƙungiya sama da fam 80,000. Sharaɗi guda ne: a ga sunan ƙungiyar a rajistar ɗan wasan. Ofishin da FIFA ta buɗe a 2022 don raba irin waɗannan kuɗi da rajista kawai yake aiki. Ba ya karɓar shaidar mai unguwa cewa kocin nan ne ya saya wa yaro takalmin farko.

To, ƙungiyoyin unguwa nawa ne a gabashin Sakkwato ke da rajista da hukumar ƙwallon jiha? Matsalar tsaro ta watsa iyalai, wasu sun koma birnin Sakkwato, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. Uban da ya rasa gonarsa, idan wani ya zo da alkawarin kai ɗansa gwaji Kano ko Kaduna tare da 'yan kuɗin kashewa, da wuya ya nemi a karanta masa takardar da aka rubuta da Turanci kafin ya dangwala. A ganina ba a nan laifin yake ba. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato da ya bi ta Pillars har ya ciyo tagulla a gasar Olamfik ta 2016, ya isa shaida cewa jihar tana da 'yan wasa.

Aikin da ke gaban hukumar ƙwallon jiha da ƙananan hukumomin biyu ba mai tsada ba ne: a yi wa ƙungiyoyin matasa rajista, a samar wa kowane yaro takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, a kuma tanadi lauya mai jin Hausa da zai zauna da iyaye ranar sa hannu.