Lungunan Bahar Rum: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Tsibiran Bahar Rum cike suke da 'yan lunguna, inda teku ke kutsawa tsakanin duwatsu ya bar ɗan fili na rairayi da ruwa garai-garai. A hoto sai ka ce haka suke tun fil'azal. Ba haka ba ne. Wasu ma ba su kai shekarun dattijo ba.

Cala Goloritzé, a gabashin tsibirin Sardiniya na Italiya, zaftarewar dutse ce ta samar da shi a 1962. Wani tsinin dutse mai tsayin mita 143 na tsaye a kansa. Mota ba ta zuwa, an kuma hana jirage masu inji matsowa gaɓar, don haka sai an gangara a ƙafa, tafiyar fiye da awa guda. Mutum 250 ake bari a lokaci guda. Mai iyo kan ji sanyi ya ratsa shi kwatsam a wasu wuraren, saboda maɓuɓɓugan ruwan daɗi da ke fitowa daga ƙarƙashin duwatsun.

A tsibirin Zakintos na Girka kuwa, tsatsa ce ta jawo suna. A Oktoban 1980 wani jirgin dakon kaya mai suna Panagiotis, wanda aka ƙera a Sikotlan a 1937, ya kafe a lungun da yanzu ake kira Navagio. An daɗe ana cewa fasa-ƙwaurin taba sigari yake yi. Har yau gangar jikinsa na kwance a kan farin rairayi. A 2018 wani ɓangaren dutsen ya rufto ya jikkata masu yawon buɗe ido, daga baya aka hana sauka, sai kallo daga kwale-kwale ko daga saman dutse.

Me ya sa ruwan ke da haske haka? Ƙarancin abinci. Bahar Rum ba shi da wadatar sinadaran da ƙananan halittun ruwa ke ci, shi ya sa ba su da yawan da za su gurɓata shi. Ya kuma fi Atilantika gishiri, domin abin da rana ke ƙonewa ya fi abin da koguna da ruwan sama ke zubawa.

Akwai kuma wata ciyawa mai taimakawa, Posidonia oceanica, kuma ita ce ta fi ba ni mamaki. Tana da saiwa, tana fure, tana 'ya'ya, duk a ƙarƙashin teku, kuma a Bahar Rum kaɗai take. Ganyenta na tace ruwa, saiwarta na riƙe rairayi, busasshen ganyen da ke taruwa a gaɓa, wanda baƙi ke ƙyama, shi ke hana igiyar ruwa cinye lungun lokacin hunturu. Tsakanin tsibiran Ibiza da Formentera na Sifaniya masana sun gano tushe guda da ya bazu tsawon kilomitoci, suka ƙiyasta shekarunsa da dubun-dubata. 'Yan santimitoci kawai take ƙaruwa a shekara. Jirgin shaƙatawa guda ya jefa ƙugiyarsa ya ja, ya tuge abin da sai jikoki za su ga dawowarsa. A 2018 hukumomin tsibiran suka haramta jefa ƙugiya a kanta, kuma a ganina sun yi daidai.

A cikin saiwar wannan ciyawa wata mitsitsiyar halitta mai jan ƙoƙo ke zama. Ɓaraguzan ƙoƙonta ne suka rina rairayin tsibirin Budelli na Sardiniya ya yi jaja-jaja. Baƙi suka riƙa ɗiba a kwalabe har launin ya dushe, aka rufe gaɓar tun shekarun 1990. Wani tsohon malamin makaranta, Mauro Morandi, ya yada zango nan a 1989 bayan jirginsa ya samu matsala, ya zauna shi kaɗai yana gadin wurin har 2021.

Ɗibar rairayi laifi ne a Sardiniya tun 2017. Tarar na farawa daga Yuro 500 zuwa 3,000. A 2019 an kama wasu Faransawa biyu da kilo 40 a gorunan roba cikin motarsu. A gaɓar La Pelosa ma sai ka shimfiɗa tabarma kafin ka ɗora tawul, don kada rairayi ya maƙale ya bi ka gida.

Sai Lampedusa. Ta Italiya ce, amma ta fi kusa da Tunisiya a kan Sisili. Lungunta da ake kira Gaɓar Zomaye na cikin waɗanda aka fi yabawa a Turai. Macen kunkurun teku kan fito da dare lokacin zafi ta haƙa rami ta zuba ƙwai kimanin ɗari, kuma zafin rairayin ne ke yanke jinsin 'ya'yan: in ya yi yawa, mata sun fi yawa. Masu sa kai na gadin ramukan, baƙi kuma sai sun yi rajista kafin su shiga.

Sunan Lampedusa ba baƙo ba ne ga wanda ya san hanyar Agadas zuwa Libiya, domin nan jiragen 'yan ci-rani da yawa ke nufa. Daf da wannan lungu ne, a ranar 3 ga Oktoba 2013, wani jirgi da ya taso daga Libiya ya kama wuta ya kife. Mutum 368 suka rasu, akasarinsu 'yan Eritiriya, ga fitilun gaɓa suna hangowa. Tun 2016 doka ta mai da wannan rana ta tunawa da 'yan ci-ranin da suka rasu a duk faɗin Italiya.